Filin Tambaya da Amsa: Lambobin da Ke Shaida Siffa

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan fanni guda, wato reshen lissafin da ke nazarin siffofi ta hanyar aljabra, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Kafin mu shiga, ga 'yan kalmomin da za mu riƙa amfani da su. Haɗaɗɗiyar lamba ita ce mai sigar a + bi, inda i take nufin lambar da idan aka ninka ta da kanta za a sami −1. Manifol siffa ce wadda duk inda mutum ya tsaya a kanta zai ga kewayensa a shimfiɗe, kamar yadda mai tafiya a doron ƙasa yake ganin fili alhali duniya a mulmule take. Idan ana auna wannan kewaye da haɗaɗɗun lambobi, kuma sauyawa daga taswirar wani yanki zuwa ta maƙwabcinsa tana bin ƙa'idar waɗannan lambobi, wadda ake kira holomofik, sai mu ce haɗaɗɗen manifol ne. Rufaffe kuwa shi ne wanda ba shi da baki kuma bai miƙe har abada ba, kamar fatar ƙwallo. A lura cewa kowane awo ɗaya na haɗaɗɗun lambobi awo biyu ne a ido, shi ya sa abin da masana wannan fanni suke kira lanƙwasa, mu shimfiɗa za mu gan shi.

Tambaya: Malam, ina karatun digiri na biyu a fannin lissafi. Na haddace ma'anar kohomoloji har ina iya rubuta ta a jarrabawa, amma har yau ban ga abin da take aunawa ba. Me ya sa duk littafin da na buɗe a kan rufaffun manifol sai in tarar da shi cike da ƙidaya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ajiye littafin tukuna ki ɗauki akwati. Yana da kusurwa 8, da gefe 12, da fuska 6, kuma 8 − 12 + 6 ya ba da 2. Ɗauki ƙwallon ƙafa irin na da, mai facin baƙi da fari: faci 32 ne, 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida, layin ɗinki 90, mahaɗa 60, kuma 60 − 90 + 32 ya sake ba da 2. Leonhard Euler ya ambaci wannan a wasiƙar da ya rubuta wa Christian Goldbach a 1750. Yanzu ki ɗauki ƙyalle mai kusurwa huɗu, ki ɗinke bakin sama da na ƙasa ya zama bututu, sannan ki lanƙwasa bututun ki haɗa bakunansa biyu. Abin da ke hannunki gammo ne. Kusurwoyin nan huɗu sun haɗe sun zama ɗaya, gefe huɗu sun koma biyu, fuska ɗaya ce, kuma 1 − 2 + 1 sifiri ne. Tunda 2 ba sifiri ba ne, babu irin miƙewa ko matsewar da za ta mayar da ƙwallo gammo sai an yage shi. Lamba irin wannan, wadda ba ta canzawa duk yadda aka murɗa siffa, ita nake kira lambar shaida.

Lambar Euler dunƙule ce ta wasu lambobi da suka fi ta bayani. Idan kika ɗaura zare a jikin ƙwallo, kina iya zame shi ya tsuke har ya zama ɗigo. A jikin gammo kuwa akwai ɗauri iri biyu da ba sa tsukewa: wanda ya ratsa ta cikin hudar, da wanda ya bi da'irar gammon. Don haka muke cewa b₁, wato adadin irin ɗaurin da ba ya tsukewa, na ƙwallo sifiri ne, na gammo 2 ne, kuma siffa mai huda g tana da b₁ = 2g, lambarta ta Euler kuma 2 − 2g. Bernhard Riemann ne ya ɗora nazarin lanƙwasa a kan wannan g a 1857, Enrico Betti ya faɗaɗa tunanin zuwa awo masu yawa a 1871, Henri Poincaré kuma ya kafa masa ginshiƙi a 1895 ya sa wa lambobin sunan Betti.

Ita kohomoloji tana duban wannan al'amari ne ta ɗaya ɓangaren, kuma misalin da ya fi zauna mini shi ne na agogo. Matafiyin da ya nufi gabas yana ƙara awa ɗaya a agogonsa duk lokacin da ya ratsa digiri 15. A kowane yanki wannan ƙa'ida ba ta da aibi, domin kowane gari ya daidaita da maƙwabcinsa. Amma idan ya kewaye duniya ya dawo gida, sai ya tarar ya tara awa 24 da ba su da mazauni. Ragowar ayarin Magellan sun gamu da wannan a 1522, lokacin da suka dawo daga kewaya duniya ta yamma suka ga lissafin kwanakinsu ya gaza na mutanen tudu da kwana ɗaya. Kowace unguwa ta warware matsalarta, amma warwarar ta ƙi haɗuwa ta zama ɗaya a duniya baki ɗaya, kuma kwanan nan guda shi ne ma'aunin ƙin haɗuwar. Abin da littafinki yake kira rufaffiyar siga shi ne ƙa'idar da ta daidaita a kowane yanki, abin da yake kira cikakkiyar siga shi ne wadda ta fito daga agogo guda da ya game ko'ina, kohomoloji kuma ita ce abin da ya rage idan aka ɗauki na farko aka yi watsi da na biyu. Georges de Rham ya tabbatar a 1931 cewa yawan abin da ya rage ɗin daidai yake da lambobin Betti.

Dalilin da ya sa ƙidaya ta mamaye rufaffun haɗaɗɗun manifol kuwa shi ne ƙa'ida ɗaya mai tsanani: a kan irin wannan manifol, idan dunƙule ɗaya ne, duk fankishin holomofik (fankishin shi ne ƙa'idar da ke ba kowane ɗigo lambarsa) da ya game ko'ina dole lamba ɗaya tak zai riƙa bayarwa a kowane ɗigo. Girmansa dole ya kai ƙololuwa a wani wuri tunda manifol ɗin rufaffe ne, fankishin holomofik kuwa ba ya kai ƙololuwa a tsakiyar yanki sai idan ba ya canzawa. Saboda wannan ƙunci, duk tambayar da aka yi amsarta takan zo da iyakantaccen adadi, abin da Henri Cartan da Jean-Pierre Serre suka tabbatar a gaba ɗayansa a 1953. Misali, idan kika yarda fankishin ya tafi marar iyaka a ɗigo d da kika zaɓa a kan lanƙwasa mai huda g, ƙa'idar Riemann da ɗalibinsa Gustav Roch, wadda Roch ya kammala a 1865, ta ce yawan fankishin masu zaman kansu d + 1 − g ne muddin d ya wuce 2g − 2. Gwada a kan gammo, inda g = 1. Idan d = 1 amsar 1 ce, wato babu kowa sai lamba tsayayya. Idan d = 2 amsar 2 ce, wato wani sabon fankishin ya bayyana, kuma idan ɗigon biyu suka haɗe wuri ɗaya shi ne wanda aka sani da sunan Weierstrass. Ki lura cewa huda, wadda ake iya zura yatsa a cikinta, ita ce ta yanke hukunci a kan tambayar aljabra.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Na ga wani zane na lambobi da aka jera kamar lu'ulu'u, da 20 a tsakiyarsa, an ce na shimfiɗar K3 ne. Daga ina 20 ɗin nan ta fito, kuma mutum zai iya lissafa ta da hannu? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, ana iya lissafa ta da alli a kan allo, kuma za mu yi hakan yanzu. Ga zanen da kake nufi:

1
0 0
1 20 1
0 0
1

Kowane layi idan aka tara shi yana ba da lambar Betti guda: 1, 0, 22, 0, 1. Rarrabuwar da ke cikin layi kuwa daga haɗaɗɗun lambobi take. Kowace z = a + bi tana da abokiyar tagwaicinta a − bi, don haka kowace siga tana da kashi p na ɓangaren z da kashi q na ɓangaren abokiyar. William Hodge, ɗan Sikotilan, ya nuna a shekarun 1930, ya kuma tattara a littafinsa na 1941, cewa a kan manifol da aka yanko da daidaiton aljabra kohomoloji kanta tana rabuwa bisa wannan tsari, ta yadda lambar Betti ta k ita ce jimlar dukkan h(p,q) da p + q = k, inda h(p,q) take nufin lambar da ke gurbin p da q a zanen. Zanen yana da daidaito biyu: dama da hagu ɗaya ne domin h(p,q) = h(q,p), kuma idan aka juya shi a kan tsakiyarsa ba ya canzawa, wanda ke fitowa daga ƙa'idar tagwaici ta Serre.

Muna buƙatar wasu lambobi biyu, na Shiing-Shen Chern, masanin ƙasar Sin da ya gabatar da su a 1946. Suna auna yadda shimfiɗar da ke taɓa manifol a kowane ɗigo take murɗewa yayin da ake yawo a kansa. Mafi sauƙin fahimta ita ce ta ƙarshe, wadda daidai take da lambar Euler, kuma ita ce ke sa a kowane lokaci dole a sami wani wuri a doron ƙasa da iska ba ta kaɗawa ta kowace nahiya, alhali a kan gammo iska tana iya kaɗawa ko'ina ba tare da ta tsaya ba. Shimfiɗa mai awo biyu tana da lambobin Chern guda biyu, c₁² da c₂. Ƙa'idar Max Noether ta ɗaure su da lu'ulu'un: 1 − h(0,1) + h(0,2) daidai yake da jimlar c₁² da c₂ an raba da 12.

Yanzu ga lissafin. Ɗauki shimfiɗar da daidaito guda mai daraja d ya yanka a cikin sararin furojektif mai awo uku, wato P³ (sararin haɗaɗɗun lambobi da aka ƙara masa ɗigo-ɗigo a can marar iyaka don ya zama rufaffe), idan ba ta da tsini ko karo da kanta. Ga irin wannan, c₁² = d(d − 4)², c₂ = d(d² − 4d + 6), b₁ kuma sifiri ne. Misalin K3 da aka fi sani shi ne x⁴ + y⁴ + z⁴ + w⁴ = 0, inda d = 4. Sai c₁² ya zama sifiri, c₂ kuma 4 sau 6, wato 24. Ƙa'idar Noether ta ba da 24 a raba da 12, wato 2, don haka 1 − 0 + h(0,2) = 2, wato h(0,2) = 1, haka ma h(2,0). Lambar Euler 24 ce, kuma ita ce 1 + b₂ + 1, don haka b₂ = 22. Cire ɗaya na dama da ɗaya na hagu, saura 20. Idan kana son ka gwada hannunka, sa d = 3 za ka sami 3 da 9, jimlarsu 12, b₂ = 7. Sa d = 5 za ka sami 5 da 55, jimlarsu 60, h(0,2) = 4, b₂ = 53, tsakiyar lu'ulu'u 45. Abin da ya kamata ya tsayar da mai lissafi shi ne yadda jimlar take rabuwa da 12 ba saura a kowane karo. Ba dace ba ne, domin ɓangaren hagu ƙidaya ce, ƙidaya kuwa ba ta zuwa da gutsure. Friedrich Hirzebruch, Bajamushe, yana da shekara 26 a Princeton a ƙarshen 1953 ya samo ƙa'idar da ta haɗa ta Noether da ta Riemann da Roch ta kuma kai su ga kowane awo.

Akwai wani abu da nake so ka gani game da 20 ɗin. Daidaito mai daraja 4 a cikin x, y, z, w yana da gurbi 35 da za a cika da lambobi. Sauya ma'aunan x, y, z, w da juna yana cinye 16 daga ciki ba tare da siffar ta canza ba, saura 19. Amma nazarin kohomoloji ya nuna cewa K3 tana da hanyoyi 20 na sauya tsarinta na haɗaɗɗun lambobi, kuma a nan wannan adadi daidai yake da h(1,1). Hanya ɗaya ke nan ta yi rara, wadda daidaiton aljabra bai san da ita ba, kuma tambaya ta gaba a kanta take. Sunan kuwa André Weil ne ya raɗa shi a 1958, don girmama Kummer da Kähler da Kodaira, da kuma dutsen K2 na Kashmir.

Tambaya: Shin kowane rufaffen haɗaɗɗen manifol ana iya rubuta shi da daidaiton aljabra? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

Amsa: A'a, ɗana, amma a awo ɗaya ana iyawa, kuma wannan ne yake ruɗar masu farawa. Kowace rufaffiyar lanƙwasa ta aljabra ce, wannan gadon Riemann ne. Wei-Liang Chow kuma ya nuna a 1949 cewa duk rufaffen haɗaɗɗen manifol da ya zauna a cikin sararin furojektif dole na aljabra ne. Tambayar ta koma: wa yake iya zama a can? Daga awo biyu ake fara samun waɗanda ba sa iyawa, kuma hawa biyu ne.

Hawa na farko su ne waɗanda suke da ma'aunin nisa mai jituwa da haɗaɗɗun lambobi, irin wanda Erich Kähler ya bayyana a 1933. Rarrabuwar Hodge tana aiki a kansu duka, amma ba duka ne na aljabra ba. Mafi yawan shimfiɗun K3 haka suke: idan ka bi hanya ta ashirin ɗin nan da ta yi rara, ka fita daga aljabra. Kunihiko Kodaira na Japan ya ba da sharaɗin da ke bambancewa a 1954, shekarar da shi da Serre suka karɓi lambar yabo ta Fields a Amsterdam: manifol irin na Kähler yana zama a sararin furojektif idan har ana iya zaɓar ma'auninsa ta yadda ajinsa a kohomoloji zai kasance na cikakkun lambobi.

Hawa na biyu su ne waɗanda ko ma'aunin Kähler ba su da shi, kuma misalin Heinz Hopf na 1948 ya isa a gina shi a nan. Ɗauki dukkan tagwayen haɗaɗɗun lambobi (z, w) ban da (0, 0), ka ce kowane ɗigo ɗaya yake da ninkinsa (2z, 2w). Duk ɗigo ana iya ninka shi ko raba shi da 2 har nisansa daga tsakiya ya faɗa tsakanin 1 da 2, don haka abin da ya rage ɓawo ne mai kauri wanda aka manne fatarsa ta ciki da ta waje. Rufaffe ne, haɗaɗɗe ne, kuma lambobinsa na Betti su ne 1, 1, 0, 1, 1. To a kan manifol irin na Kähler b₁ = h(1,0) + h(0,1), su biyun kuma daidai suke, don haka b₁ dole ta rabu da 2. A nan b₁ = 1. Wannan lamba ɗaya ta rufe maganar: babu wani daidaito na aljabra, komai yawansa komai darajarsa, da zai fitar da shimfiɗar Hopf. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna ƙarfin lambar shaida, domin ta yanke hukunci a kan daidaito marasa iyaka ba tare da an gwada ko ɗaya ba. A awo biyu akasin ma gaskiya ne: duk rufaffiyar shimfiɗar da b₁ ɗinta ta rabu da 2 tana da ma'aunin Kähler, kuma Nicholas Buchdahl da Ahcène Lamari kowannensu ya kawo hujja kai tsaye a 1999.

Tambaya: Malam, idan manifol biyu suka yi daidai a dukkan waɗannan lambobi, ke nan abu ɗaya ne? Daga wata malamar jami'a a Kano.

Amsa: Malama, ba abu ɗaya ba ne dole, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai. Bambancin lamba hujja ce yankakkiya cewa siffofi biyu daban suke, amma daidaiton lamba ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne. Tun a awo ɗaya ana ganin haka: dukkan lanƙwasa masu g = 1 gammo ne, lu'ulu'unsu iri ɗaya, amma tsarinsu na haɗaɗɗun lambobi ba ya ƙirguwa, kuma wata lamba dabam mai suna j, wadda take iya zama kowace haɗaɗɗiyar lamba, ita ce ke rarrabe su.

A awo biyu, kwatanta P¹ × P¹ da P² wanda aka cire masa ɗigo ɗaya aka maye gurbinsa da layi. Dukansu suna da b₂ = 2, c₁² = 8, c₂ = 4. Abin da ya raba su shi ne yadda lanƙwasa suke gittawa juna a cikinsu: a na farko, adadin gittawar kowane aji da kansa yana rabuwa da 2, a na biyu kuwa layin da aka dasa yana gitta kansa da −1. Wato kohomoloji ba ƙidaya kaɗai ba ce, tana da ninkawa a cikinta, kuma ninkawar tana ɗauke da labarin da ƙidayar ta zubar.

Misalin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na jabun P². Shi P² na gaskiya yana da lambobin Betti 1, 0, 1, 0, 1, da c₁² = 9, da c₂ = 3. A 1977 Yoichi Miyaoka da Shing-Tung Yau, kowanne ta hanyarsa, bayan aikin Fedor Bogomolov, suka tabbatar cewa a shimfiɗun da ake kira na gama-gari c₁² ba ya wuce ninki uku na c₂, Yau kuma ya nuna cewa wadda ta kai wannan iyaka daidai daga ƙwallon haɗaɗɗun lambobi mai awo biyu aka naɗo ta. Tunda 9 ninki uku ne na 3, ƙofa ta buɗe ga wata shimfiɗa da za ta ɗauki lambobin P² alhali ba shi ba ce. David Mumford ya gina ta farko a 1979, ta hanyar lissafin lambobi mai zurfi, ba tare da ya rubuta daidaitonta ba. Gopal Prasad da Sai-Kee Yeung suka rarraba irinta gida-gida a 2007, sannan Donald Cartwright da Tim Steger suka kammala ƙidayar da taimakon kwamfuta, aka sami guda 100 cif, tagwaye 50. Abin da ke tona asirinsu shi ne zare: a kan P² na gaskiya kowane ɗauri yana tsukewa, a kan jabun kuwa akwai ɗauri iri-iri marasa iyaka da ba sa tsukewa, sai dai lambar b₁ ba ta ganin su.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar fiziks ne. An ce mana masana fiziks sun taɓa riga masana lissafi samun wata amsa a wannan fanni. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Yamai.

Amsa: Gaskiya ne, ɗana, kuma lu'ulu'un Hodge ne a tsakiyar labarin. Ɗauki daidaito mai daraja 5 a cikin P⁴. Abin da ya yanka manifol ne mai awo uku na haɗaɗɗun lambobi, wato shida a ido, irin wanda ake kira Calabi da Yau, wanda masu nazariyyar zare suke ɗauka a matsayin siffar ɓoyayyun awo shida na sararin samaniya. Yana da h(1,1) = 1 da h(2,1) = 101, lambarsa ta Euler −200. Ita 101 kana iya samo ta kamar yadda muka yi a sama: gurbi 126, a cire 25.

Masana fiziks sun lura cewa irin waɗannan manifol galibi suna zuwa bibbiyu, ɗaya madubin ɗaya, inda h(1,1) da h(2,1) suke musanya wuri, kuma nazariyyarsu ba ta bambance su biyun. Wannan ya ba da damar mayar da tambaya mai wuya a kan ɗaya ta zama mai sauƙi a kan ɗayan. An san tun ƙarni na 19, daga aikin Hermann Schubert, cewa akwai miƙaƙƙun layuka 2,875 a kan wannan manifol, Sheldon Katz kuma ya ƙirga lanƙwasa marasa huda masu daraja 2 a 1986 ya sami 609,250. A 1991 Philip Candelas da Xenia de la Ossa da Paul Green da Linda Parkes suka yi lissafi a kan madubin suka fitar da adadin kowace daraja a lokaci guda, suka ce na daraja 3 shi ne 317,206,375. Masana lissafi biyu 'yan Norway, Geir Ellingsrud da Stein Arild Strømme, sun sami wani adadi dabam ta hanyar aljabra, amma da suka sake duba shirinsu na kwamfuta suka gano kuskure, suka gyara, sai adadin masana fiziks ya fito daidai. Ina girmama su biyun ƙwarai saboda sun koma sun bincika aikinsu suka kuma sanar da gyaran da kansu. Hujjar lissafi ta gaba ɗayan ƙa'idar ta zo daga baya, a aikin Alexander Givental na 1996 da na Bong Lian da Kefeng Liu da Yau na 1997.

Tambaya: Mene ne hasashen Hodge da aka sa wa kyautar dala miliyan ɗaya? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, tambaya ce a kan layin tsakiya na lu'ulu'un, wato gurabun h(p,p). Duk ƙaramar siffar aljabra da ke zaune a cikin babban manifol tana barin sawu a kohomoloji, sawun kuma kullum a wannan layi yake faɗawa, kuma na cikakkun lambobi ne. Hodge ya tambayi akasin haka a taron masana lissafi na duniya na 1950 a Amurka: shin a kan manifol na aljabra, duk ajin da ya cika waɗannan sharuɗɗa biyu daga irin waɗannan siffofi ya fito? Michael Atiyah da Hirzebruch sun nuna a farkon shekarun 1960 cewa da cikakkun lambobi zalla maganar ba ta tsayawa, don haka yau ana faɗinta da lambobi masu gutsure, kuma a wannan siga ce Cibiyar Clay ta sa ta cikin matsaloli bakwai da ta ware wa kyauta a 2000.

Ga p = 1 Solomon Lefschetz ya riga ya tabbatar da ita tun 1924. Ana ganin haka a shimfiɗa mai daraja 3 da muka lissafa a sama, inda b₂ = 7 kuma dukkan bakwai ɗin a tsakiya suke: a kanta akwai miƙaƙƙun layuka 27, waɗanda Arthur Cayley da George Salmon suka ƙirga a 1849, kuma sawun waɗannan layuka ya cika gurabun bakwai ba saura. Daga ƙa'idar Lefschetz ana samun hasashen ga duk manifol na aljabra da awonsa bai wuce uku ba. A awo huɗu, a gurbin h(2,2), nan ne tambayar ta fara zama a buɗe, kuma ko da yake an warware ta ga wasu iyalai na musamman, ba a warware ta ga kowane manifol ba.